Zabuwar Auta

Matso kusa, jawo tabarma ka zauna, in ba ka labarin abin da ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Shekaru sun ɗan ja da faruwarsa, amma har gobe in na ji zabuwa ta yi kuka sai in ga kaina tsaye a tsakar gidanmu na Zongon Sokodé, waya a hannuna, bakina a buɗe, na rasa inda ake dannawa a kashe ta.

Bari in fara gaya maka ko su wane ne mu, don kada ka ɓace a hanya. Mu Kirista ne. Iyayenmu 'yan Moba ne, mutanen Nano, can arewa kusa da Dapaong. Aikin gini ne ya kawo Babanmu Sokodé ina 'yar shekara tara ko goma, ƙanena kuma, autanmu, yana goye a bayan Mma. Gidan hayar da Baba ya samu a Zongo yake. Nan muka zauna, nan Baba ya rasu, da na yi aure ma ɗaki kawai na canja a cikin gidan. Hausa ta cinye mini baki, har Moban ma sai ta kama dole nake yi. Lakol kuwa, wato makaranta, aji uku na yi na gudo, karatu bai zauna mini ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da aka karanta a coci sau biyu, to ya shiga ke nan, ko mai karatun ya manta ni ban manta ba.

A duk shekara babu ranar da Mma ke ji da ita kamar Nowel, wato bikin haihuwar Almasihu da wasu ke ce wa Kirsimeti. Shekarar farko da muka zo, Baba da kansa ya yanka akuya, Mma ta dafa shinkafa ta jera nama a kai, ta aika kwano-kwano gidajen maƙwabta. Kowa ya karɓa ya yi godiya. Sai bayan kwana biyu matar mahaucin da ke katanga ɗaya da mu ta ja Mma gefe ta ce, "Maman yara, kada ki ji haushi, amma babu wanda ya ci. Mutanen nan ba sa cin yankan da ba nasu ba." Mma ba ta ji haushi ba. Da shekara ta kewayo ta je ta durƙusa gaban mahaucin, wanda muke kira Baba Alhaji, ta roƙe shi ya zo ya yanka mata. Tun daga ranar ya zama al'ada. Kowace safiyar Nowel Baba Alhaji zai shigo da wuƙarsa, ya juya akuya ta kalli gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Kafin azahar kwanukan Mma sun zaga unguwa, kuma ana ci, har a aiko a ce a ƙara miya. In Layya ta zo kuwa, naman da ke shigowa gidanmu sai mun shanya wani a igiya.

Bayan akuya akwai zabuwa guda ɗaya. Ita ba ta fita waje. A ƙaramar tukunya Mma ke dafa ta da kanta, da daddawa da barkono, ba ta yarda wani ya sa mata hannu. Cinya da ƙirji na Auta ne, mu sauran mu raba wuya da fiffike. Mun sha yi masa tsiya a kai, shi kuma ya riƙa lasar yatsa yana cewa mu je mu nemi uwar da za ta so mu. Ka riƙe zabuwar nan a ranka, za mu dawo kanta.

Auta ya yi lakol sosai, yana karanta Faransanci kamar ruwa. Da ya girma ya koma Dapaong ya buɗe rumfar gyaran babur, ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu. Abu ɗaya ne ya so ya kashe shi, shi ne giya. Cakpalo, burkutun gero na can arewa, da kwalba in ta samu. Kuma babu lokacin da ya fi lalacewa kamar Nowel. Zai zo gida, ya ci zabuwarsa, ya ce bari ya gaisa da abokai, sai washegari a kawo mana shi kamar buhu. Mma ta yi kuka, ta yi azumi, ta yi addu'a har gwiwarta ta yi kanta. Sai a wata damina labari ya zo cewa ya shiga wata ƙaramar coci a Dapaong, ya bar sha ƙaf. Wata ɗaya, wata uku, wata biyar, ko ɗigo. Zo ka ga murna wurin tsohuwar nan. Tun saura wata guda ta sayi akuya ta ɗaure a gindin mangwaro, tana cewa bana ce Nowel ta farko da za ta ga ɗanta ya kwana da hankalinsa.

Saura kwana goma sha biyu, da hantsi, Mma na zaune tana tsince shinkafa a faifai, sai saƙon murya ya shigo wayata daga Auta. Da yake ba na karatu, da murya muke magana. A nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa. Maimakon in shiga ɗaki in fara saurare ni kaɗai, sai na ce, "Mma, ga ɗanki," na ƙure ƙarar, na miƙa wayar saitin kunnenta.

Sai muryarsa ta cika gida. "Yaya, ki gaya wa Mma bana ba za mu zo ba, kuma ba bana kaɗai ba. Mun buɗe Littafi Mai Tsarki mun duba, babu inda aka rubuta ranar da aka haifi Almasihu, babu inda aka ce a riƙa yin biki. Mutane ne suka ƙaga. Wanda ya dafa da wanda ya ci, laifinsu ɗaya gaban Allah. Ki lallaɓa ta ki gaya mata a hankali."

A hankali, in ji shi! Ina ta danne-danne, wayar ta sake maimaitawa daga farko.

Mma ta ajiye faifai a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Da wanda ya ci, ya ce?" Na ce Mma, rabu da shi, sabon shiga ne, zafin kai ne. Ta girgiza kai. "Shi ya iya karatu, ni da ke ba mu iya ba. Kuma Allahn da ya raba shi da ƙwaryar giya ba zai bar shi ya yi mini ƙarya ba. Ashe shekara talatin da wani abu ina ɗura wa maƙwabtana laifi a kwano, suna yi mini godiya?"

Daga ranar Mma ta canja. Ta daina zuwa koyon waƙar mata a coci. Tuwo sai ta gutsura sau biyu ta ture. Sabon zanen da na ɗinka mata ko warware shi ba ta yi ba. Katashis ɗinmu, mai koyar da mu addini, ya zo ya yi ta bayani har da buɗe littattafai, ta saurare shi da ladabi, da ya fita ta ce, "Shi ai aikinsa ke nan, me kike so ya ce?" Cikin kwana huɗu na ga wuyanta ya zurma. Tsohuwa ce mai hawan jini, tsoro ya kama ni na gaske. Ba rashin zuwan Auta kaɗai ke cin ta ba. Gani take abin da ta ɗauka godiya ce ga Allah tsawon rayuwarta, ashe saɓo ne.

Ana haka Baba Alhaji ya shigo duba akuya, kamar yadda yake yi kowace shekara in saura mako. Ya tsufa a lokacin, da sanda yake tafiya, amma hannunsa bai manta aiki ba. Ya lalubi gadon bayanta ya ce, "Kai, bana an yi kiwo." Mma ta ce, "Alhaji, kwance ta ka kai kasuwa. Bana babu." Ya tsaya ya ji labari har ƙarshe, yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Maman yara, ni ba malamin addininku ba ne, ba zan yi muku fatawa ba. Amma mu ma muna da irin wannan rigimar a kan Maulidi. Ɗana na biyu ba ya zuwa, ni ina zuwa, kuma kwano ɗaya muke sa hannu. Akuya dai ba zan kai kasuwa ba. Ranar zan zo da wuƙata kamar kullum. In kin ce in koma, in koma." Da na raka shi ƙofa ya rage murya ya ce, "'Yata, ba akuya ke damun tsohuwar nan ba. Bakin da ya ɗaure ta shi zai kwance ta. Tashi ki je Dapaong."

In je ina? Ni da iyakata kasuwa da coci da gidan suna! Tun da aka kawo ni Sokodé sau biyu kacal na koma arewa, duka biyun jana'iza ce ta kai ni, kuma duka biyun amai na yi ta yi a mota. Amma na dubi Mma zaune ta zuba wa akuya ido, na ce ko a kan kaina ne zan tafi. Washegari da sassafe na bar ta hannun 'yata ta fari, na sayi lemun tsami na tsotsa, na shiga mota. Da muka fara hawan duwatsun nan kafin Bafilo na rufe ido, na kama hannun matar da ke kusa da ni, ban san ta ba ba ta san ni ba, har ta ce, "Baiwar Allah, in za ki karya ni ki bari mu isa Kara, akwai asibiti." Muka wuce Kara, muka wuce Mango, muka wuce Tandjouaré, ni dai ina ta addu'a ina tsotsar lemu. Bayan azahar muka sauka.

Na same shi a rumfarsa, hannu duk baƙin mai. Wallahi sai da na ƙara dubansa. Ya yi ƙiba, idonsa ya yi fari tas, rawar hannun da giya ta sa masa ta tafi. Ya ce, "Yaya! Ke ce a Dapaong? Wa ya mutu?" Na ce babu wanda ya mutu tukuna, amma ka kusa kashe uwarka da waya. Matarsa, yarinya mai haƙuri da ƙarancin magana, ta kawo mini ruwa da kujera, ta zauna gefe tana ɓare gyaɗa.

Na ba shi labari. Ya ce ai ya ce in gaya mata a hankali. Na ce wannan laifina ne, na ɗauka, amma maganar taka ce. Ya wanke hannu ya ɗauko Littafinsa, duk ya ja layi da jan biro, ya ce, "Yaya, nuna mini inda aka rubuta ranar." Na ce ka san ban iya nunawa ba, amma na iya ji. Na ce, "Daren da aka haife shi, su wa suka fara waƙa? Ba mala'iku ba? Sama da kanta ta yi biki, kai ka ce ƙasa ta kame baki? Makiyaya suka bar dabbobinsu suka ruga, suka dawo suna yabon Allah. Masanan nan na gabas suka yi doguwar tafiya da kyaututtuka. Tsohon nan na Haikali ya karɓi jaririn a hannu ya yi godiya, ya ce yanzu ko ya mutu ya huta. Duk waɗannan saɓo suka yi?"

Ya ce, "Su a lokacin suka yi, sau ɗaya. Ba a ce a riƙa maimaitawa duk shekara ba. Manzanni ba su yi ba."

Na ce, "An ce kada a yi?"

Ya ce ba a ce a yi ba.

Na ce, "To an ce ku sayi lasifika ku kafa a cocinku? Na ji matarka ta ce har biyu gare ku." Matar ta sunkuyar da kai tana dariya cikin gyaɗa. Ya harare ta. Na ce, "Kuna tuna mutuwarsa da tashinsa, ko? Wanda ba a haifa ba ta yaya zai mutu domin ka? Ranar da Allah ya yarda ya zama jariri, a goya shi, a shayar da shi, ita ce mafarin komai. Kuma na taɓa ji an karanta wani wuri cewa wani yana girmama rana domin Ubangiji, wani ba ya girmama ta, shi ma domin Ubangiji, kada ɗaya ya hukunta ɗaya. Akwai ko babu?"  Matar ta ce a hankali, "Akwai, Yaya. Shi ma ya ja masa layi."

Amma Auta ba a kayar da shi da baki, tun yana yaro. Ya jawo wannan, ya jawo wancan, ya ce ranar daga bikin masu bautar rana aka aro ta, ya haɗa da Faransanci har kaina ya yi zafi. Ya koma kan maganarsa ta farko. "Ranar ƙage ce, Yaya. Abin da aka gina kan ƙage ba ya zama gaskiya."

A nan ne na yi abin da Mma ta hana ni shekara da shekaru. Na ce, "Ɗauko mini takardar haihuwarka." Ya ce me ya kawo ta cikin maganar? Na ce wace rana aka rubuta? Ya ce ɗaya ga Janairu. Na ce ƙarya ce.

Na ce, "Tsakanina da kai Mma ta binne 'ya'ya uku. Ka san da haka, amma ba ka ga yadda take komawa ɗaki da zanen goyo a hannu ba, ni na gani. Da ta samu cikinka tsofaffin Nano suka ce in an haife ka a tsaga maka kunne, a kai ka juji a ajiye, wata ta tsince ka kamar ba a so, don mutuwa ta raina ka ta wuce. Mma ba ta daɗe da yin baftisma ba, ta ce ba za ta yi ba, Wanda ya bayar shi zai tsare. Ranar kasuwar Nano, bayan an gama cirar gyaɗa, muna dawowa ni da ita, naƙuda ta kama ta a gindin wata ɗorawa. Matan da ke hanya suka sauke kaya suka kewaye ta da zannuwa. Ni ina tsaye ina rungume da kwando, a ciki akwai zabuwa ɗaya da ta kai kasuwa ba a saya ba. Kukanka da na zabuwar tare suka tashi. Babu wanda ya san ko ran nawa ga wata ne. Sai da za a sa ka lakol a Sokodé Baba ya je yi maka takarda, ma'aikacin ya tambayi rana, Baba ya ce bayan cirar gyaɗa, shi kuma ya rubuta abin da ya ga dama."

Auta ya ajiye Littafin a cinya.

Na ce, "Zabuwar nan Mma ba ta sake kai ta kasuwa ba. Ta ajiye ta har Nowel ta yanka. Ta ce Allah ya ba duniya Ɗa, ita ma ya ba ta, ba ta san ranar ko ɗaya ba, bari ta haɗa godiyar rana guda. Duk shekarar da ka kai Nowel da rai, sai ta sake yanka wata. Har shekarun da ake kawo ka kamar buhu ba ta fasa ba, tana cewa ai yana numfashi. Ba ta taɓa gaya maka ba don ba ta son ƙirga shekarunka da baki. Kai kana cin cinya kana mana gori, ba ka san sadakar ranka kake ci ba. To, ranar da ke takardarka ƙage ce. Haihuwarka ma ƙage ce? Godiyar Mma saɓo ce?"

Matarsa ta daina ɓarar gyaɗa. Shi kuma ya daɗe yana kallon wani tsohon babur da aka kwance wa ƙafa. Da ya buɗe baki ba muryar wayar nan ba ce. Ya ce, "Yaya, ke ba ki san abin da ranar nan ke yi mini ba. Tun saura mako in na ji an fara kiɗe-kiɗe sai in ji warin cakpalo a hancina. In na zo Sokodé, abokaina za su tsaya a ƙofa su kira ni, ban san ko ƙafata za ta ji maganata ba. Da aka ce mana bikin babu kyau, daɗi na ji, na samu abin da zan ɓuya a bayansa."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa fushin da na ɗauko. Na ce, "Wannan ita ce maganar da ya kamata ka aiko, da Mma da kanta za ta ce ka zauna. Tsoron giya daban, ɗora wa tsohuwa zunubi daban. In ka zo, ni zan zauna a bakin ƙofa, ka san faɗina, babu mai wucewa." Ya yi ɗan murmushi. Ya ce zai yi addu'a a kai. Iyakar abin da na samu ke nan. Washegari na sake tsotsar lemu har Sokodé. Na gaya wa Mma ya ce zai yi addu'a. Ta ce, "To," ta juya fuska bango.

Safiyar Nowel ban je coci ba, na kasa barin ta. Babu wuta a murhu, shinkafa na cikin buhu, akuya na cin ganyen mangwaro. Da hantsi sai ga Baba Alhaji da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Mma ta ce, "Alhaji, na gode, koma." Ya ce, "To. Bari dai gwiwata ta huta." Ya zauna a benci. Can ya ce a ba shi koko. Ya sha. Can ya ce tunda ya zauna bari ya wasa wuƙar, ya ɗauko dutse ya fara, a hankali kamar mai aske jariri. Mma ta ce, "Alhaji, wuƙar nan ai ta ƙare." Ya ce, "Maman yara, ke kike sana'ar ko ni?" Rana ta take tsaka, 'yan coci suka fara dawowa da waƙa a bakin titi, ni kuwa zuciyata ta gama yankewa.

Sai muka ji kukan zabuwa a ƙofar gida.

Babura biyu ne suka tsaya. Matar Auta ta shigo da yara, shi yana baya rungume da kwando. Bai gaisa da kowa ba, ya wuce ya durƙusa gaban Mma ya ajiye. Ya ce, "Mma, ranar dai har yanzu ban same ta a Littafi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ga mala'iku sun yi waƙa, kuma na duba ban ga inda aka hana ki godiya ba. Maganar wanda ya dafa da wanda ya ci, ni na ƙara, ba a rubuce take ba. Ki yafe mini."

Mma ta dubi kwando, ta dube ni. Ta ce, "Ke da bakinki." Na ce Mma, ai ke kika haife ni da shi. Ta sa hannu ta ciro zabuwar, ta lalubi ƙirjinta, ta ɗaga ta sama ta auna. Muna ta jira mu ji abin da za ta ce. Ta ce, "Duk zabin da ke Dapaong, wannan ramammiyar ka samo?"

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba, ina dariya ina hawaye. Ji na yi kamar an sauke mini tulu daga ka bayan tafiyar yini. Baba Alhaji ya miƙe ko sandar bai nema ba, ya ce, "A kwanto akuya, rana na yi!" Mma ta ce a ba ta sabon zanenta, a kuma ɗumamo mata tuwon jiya kafin abinci ya nuna, yunwa take ji. Yunwa! Kwana goma sha biyu ban ji kalmar nan a bakinta ba.

Sai bayan la'asar kwanuka suka fita, maƙwabta suna ta tsiya wai bana Nowel ta makara a hanya. Abokan Auta kuwa sun zo, su uku, suna kiran sa daga waje. Na cika alkawari, na baje a bakin ƙofa da tiren shinkafa. Baba Alhaji daga benci ya ce musu, "In abinci ne ga shi, in wani abu ne babu kowa." Suka ci suka tafi. Auta bai leƙa ba, yana ciki da cinyar zabuwa a hannu, ya daɗe yana kallon ta kafin ya kai baki. Kafin a watse ya buɗe Littafi ya karanta labarin makiyayan da Faransanci. Mma ta ce a faɗa mata da harshen da take ji. Sai na karanto mata da ka, da Hausa, shi yana bi da yatsa, a ƙarshe ya ce wuri ɗaya kawai na tsallake.

Har yau yana cocinsa, kuma har yau ba sa bikin. Shi ranar godiyar Mma yake kiran ta, ni ina ce mata Nowel, ba mu sake faɗa a kan suna ba. Giya kuwa bai koma ba. Mma ta ƙara ganin Nowel uku kafin ta tafi, Baba Alhaji ya bi ta ba da daɗewa ba. Yanzu ni ke dafa ƙaramar tukunyar, Auta ke kawo zabuwa daga Dapaong, mai yankan kuwa ɗan Baba Alhaji ne na biyu, wannan dai da ba ya zuwa Maulidi.

Abin da na koya, ban da cewa a fara sauraren saƙo a ɗaki kafin a ƙure ƙara, shi ne Allah bai ɓoye murnar haihuwar Mai Ceto ba, da waƙa ya sanar da ita. Wanda ya ware rana ya ce na gode, ya ciyar da maƙwabcinsa, bai yi laifi ba don bai san kwanan wata ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta ba shi ya yi ba, ya bari, amma kada ya ɗora wa wani nauyin da ba a rubuta ba. Kai fa, da za a ba ka kyautar da ta ceci ranka, sai ranar da aka ba ka ta ɓace maka, fasa godiyar za ka yi?